Hotunan Inna na cikin kwalla, ya zan jera su?

'Yar Mabera: Assalamu alaikum. Da muka buɗe kwallar marigayiya Inna, na tarar da hotuna fiye da 60, har da baƙi da fari na hawan sallah zamanin Sarkin Musulmi Abubakar III, kun ga kafin 1988 ke nan. Na sayi babban littafin zane ina son in liƙa su, kowane da labarinsa a ƙasa. Gam zan sa ko salatif? Wasu ma sun manne da juna.

Maman Biyu, Arkilla: Allah ya jiƙan Inna. 'Yar uwa, kar ki kuskura ki sa salatif! Zafin Sakkwato narkar da shi yake, ya bar tabo ruwan ɗorawa. Ni reza nake sa wa, in tsaga takardar ta kusurwa huɗu in soke hoton. Waɗanda suka manne kuwa, kar ki ja.

Kawu na Runjin Sambo: 'Yata, fara kai su wurin tsofaffin gidanku su faɗa miki su wane ne. Ki rubuta a baya da fensir, biro na huda hoto. Namu gara ta cinye.

'Yar Mabera: Na gode Kawu. Juma'a zan je wurin Goggo, in idonta zai gani.