Wa ya taɓa hawa tsaunukan Nepal? Abinci da wurin kwana ne ke damuna

Mai_Yawo:
Salam jama'a. Ina shirin tafiyar ƙafa zuwa sansanin gindin Everest a Nepal, daga garin Lukla za mu fara in Allah ya yarda. Tafiyar ba ta ba ni tsoro, abin da ke damuna cikina ne don ba ya karɓar baƙon abinci, sannan an ce ba otal a can sama. Dan Allah wanda ya taɓa zuwa ya faɗa min me ake ci kuma ina ake kwana?

Ummu_Hanan:
Wslm ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, dal bhat zai riƙe ka, shinkafa ce da romon wani irin ƙananan wake da ɗan ganye, da zafinsa ake kawowa kuma yawancin wurare in ka cinye sai su ƙara maka, su kansu masu dakon kaya shi suke ci safe da yamma. Akwai dankali da taliya da ƙwai ma. Nama kam ka haƙura da shi, mutanen Sherpa, wato 'yan asalin wurin, ba sa yanka dabba a yankin, daga ƙasa ake hawo da shi a gadon baya ana kwana a hanya babu firji. Shayinsu mai gishiri da man shanun yak (wani irin sa mai gashi na kan tsauni) kuma ka ɗanɗana ko sau ɗaya ne, ni dai bai shige ni ba amma wasu har nema suke.

Dan_Tsauni:
Malam ni wlh ba cikinka nake ji ba, kanka nake ji. Lukla kanta ta haura mita 2,800 sama da teku, garin Namche Bazaar da ke kan hanya 3,440, sansanin kuma 5,364, a can iskar da kake shaƙa kusan rabin ta bakin teku ce. Ciwon tsauni bai san ƙato ba bai san ɗan ƙwallo ba, yana farawa da ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci, in ka yi taurin kai ruwa na iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma yana kisa. In ka wuce mita 3,000 kar wurin kwananka ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, ka yi kwana biyu a Namche jiki ya saba. Ka ga likita kan Diamox, maganin ciwon tsauni, tun kafin ka tashi.

Baba_Audu:
Wurin kwana akwai yarona, ƙananan masaukai ne, ɗaki na katako da gado biyu, falon cin abinci kaɗai ake hura wa murhu, can sama ma da busasshen kashin yak, ɗakin barci kuwa sanyi har ruwan gorarka ya daskare. Ka tafi da jakar barci mai kauri, ka sa waya cikinta don sanyi na shanye batir. Ruwa sai dafaffe ko wanda ka sa wa ƙwayar tsarkakewa.

Mai_Yawo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To in ciwon kan ya kama ni a hanya fa, in sha magani in ci gaba?

Dan_Tsauni:
A'a dan Allah. Ka tsaya inda kake ka faɗa wa jagoranku, in ya ƙaru ko ka fara tangaɗi ko numfashi na yi maka wuya kana zaune to ku sauka nan take ko da dare ne, kuma kar ka sauka kai kaɗai.