Neman kalma: tantin da nake noman attaruhu a ɗaki, da na'urar da ke kwashe masa zafi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Neman kalma ne ya kawo ni, kalmomi ma dai, kuma ina so mu tsayar da su tare a nan.

Ga yadda abin ya taso. A Ingila nake zaune, a bene hawa na biyu, babu tsakar gida, babu ko taƙin ƙasa da zan tona. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu rana a nan leƙowa kawai take yi. A tsakiyar Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi. Attaruhu da yakuwa ba su san irin wannan zaman ba. Shi ya sa na sayi abin da Turawa ke kira "grow tent", nake shuka a ciki. Makon jiya muna waya ta bidiyo da Hajiyarmu a Zariya, ta hango shi a bayana, ta ce, "Wancan baƙin abin fa, durowar kaya ce?" Na yi ta zagaye-zagaye, na rasa sunan da zan ba ta. Matar da ta koya mini yafa iri da dashe ce, amma na kasa gaya mata da harshenmu cewa aikin da ta koya mini nake yi. Abin ya tsaya mini a rai.

Ga siffarsa ga wanda bai taɓa gani ba. Sandunan ƙarfe ne ake haɗawa kamar turakun gidan sauro, a lulluɓe su da baƙin yadi mai kauri, a zuge da zif. Cikinsa an shimfiɗe shi da leda mai ƙyalli don ta riƙa mayar wa ganye haske. Nawa faɗinsa mita 1.2, zurfinsa mita 1.2, tsayinsa mita 2. Daga sama fitila ce ta LED mai wat 400, ita ce ranarsa. A jikinsa akwai kafofi zagayayyu, sama da ƙasa, inda ake zura mesa, wato bututun iska.

Na san wani zai ce ai kayan masu wiwi ne. Gaskiya ne suna cikin manyan masu sayensa, musamman bayan Kanada ta halatta a 2018, Jamus ta bi a 2024. A Ingila da Najeriya doka ta hana, kuma ba shi ne a gabana ba. Masu tumatir da barkono da furanni da renon iri duk suna aiki da shi. Wannan ma dalili ne na mu ba shi suna mai tsabta tun kafin wani sunan ya manne masa.

Kalmar da ta fara zo mini ita ce laima, tunda laima tana nufin tanti. Na ajiye ta nan take, domin a wannan zancen muna bukatar ɗaya laimar, wato danshin iska, kuma a rubuce babu abin da ya raba su. Ka ce "laima ta yi yawa a laima", wa zai gane ka? Rumfa kuma iska na ratsa ta ta ko'ina, ita ke nan amfaninta. Wannan kuwa a rufe yake ruf. Tanti ne ya rage, kowa ya san shi, ko daga Mina ne ko daga wurin biki.

To tantin me? Na daɗe ina son "tantin raino", don raino kalma ce mai taushi. Amma raino na ƙananan tsirrai ne da za a cire a dasa, nawa kuwa a ciki suke fure, su yi 'ya'ya, in tsinka. Sai na koma kan lambu. Mene ne lambu in ba wurin da mutum ke ba shuka ruwan da sama ba ta bayar ba? Mai noman rani a fadama ruwa kawai yake kawowa. Mai wannan tanti shi ke kawo ruwa, da rana, da iska. Don haka ga shawarata: abin da ake saye a shago, tantin shuka; aikin gaba ɗaya, lambun tanti. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke cewa garka, garkar tanti ta zauna daram.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar: na'urar sanyi.

Ranar 19 ga Yuli, 2022, zafi ya kai digiri 40.3 a Coningsby, wani ƙaramin gari a nan Ingila, karo na farko da aka haura 40 a tarihin auna yanayi na ƙasar nan. Mutumin Sakkwato zai ce ina abin yake, amma gidajen nan an gina su ne don su riƙe ɗumi, ba don su sake shi ba. A wannan makon furen attaruhuna ya zube kusan duka. Barkono da tumatir in zafi ya daɗe sama da digiri 32 ko wajen haka, fure ba ya ɗaurewa, sai ya kaɗe. Na sayo irin na'urar nan mai taya da ake gungurawa daga ɗaki zuwa ɗaki, na kunna, na bar mesarta a yashe a bayan tanti. Da safe ɗakin ya fi jiya zafi.

Laifin sunan ne, ko rabinsa. Muna cewa "na'urar sanyaya ɗaki", sai kunne ya ɗauka sanyi take ƙerawa ta fesa. Ba ta ƙera sanyi. Zafi take kwasa daga nan ta kai can, kamar mai kwarfar ruwa daga kwalekwale. In ka kwarfa ka zuba a cikin kwalekwalen, wahala kawai ka sha. Har ma ya fi haka muni, don wutar da take ci, wajen wat dubu a ƙaramarta, ita ma zafi take komawa. Duk ta mesa yake fita. In bakin mesar bai kai waje ta taga ba, hita ka kunna.

Shi kansa sunan na Turanci ba sanyi yake nufi ba. Willis Carrier, injiniyan da ya ƙirƙiro iyakwandishan ta zamani, a 1902 matsalar danshi ya je warwarewa a wata maɗaba'a a Brooklyn ta Amurka, inda takarda ke shan laima tana kumbura, launuka su ƙi hawa kan juna. Kalmar "air conditioning" kuma wani injiniyan masaƙu, Stuart Cramer na jihar Karolina ta Arewa, ya fara amfani da ita a 1906, shi ma danshin iskar da zare ke so yake magana. Ma'anarta gyara iska ce, daidaita ta.

Iyakwandishan ta riga ta zauna a bakinmu, AC ma haka, a Nijar kuma kilim daga Faransanci. Ban zo korar su ba. Abin da nake nema suna ne na wannan jinsin mai taya, wanda Bature ke ce wa "portable".

Muna da tafi-da-gidanka, wadda ta yi mana aiki lokacin da wayar hannu ta shigo. Kalma ce mai daɗi, amma a nan yaudara ce. Wannan na'ura ba ta zuwa ko'ina sai inda mesarta za ta kai taga, kuma mesar da ke zuwa da ita gajera ce, mita ɗaya da rabi ko makamancin haka. In ka ƙara mata tsawo ko ka lanƙwasa ta da yawa, zafin ya dawo. Ɗaurarriya ce kamar akuya a turke. "Ta tsaye" kuwa an riga an ba doguwar nan ta masallatai da ɗakunan taro, mai injinta a waje. "Mai taya" gaskiya ne, sai dai taya ba ta koya wa kowa komai.

Ni na tsaya kan iyakwandishan mai mesa. In ana son ta Hausa zalla, a bisa tsarin a-kori-kura da a-daidaita-sahu, sai mu ce kwashe-zafi mai mesa. Duk wanda ya ji sunan zai tambaya, "Mesar ina take zuwa?" Tambayar da ya kamata in yi a 2022 ke nan. Masu cewa tiyo, tiyo ma ya yi.

Sunan yana da wata riba: ya buɗe ƙofar raba mai mesa ɗaya da mai mesa biyu, kuma ga mai lambun tanti wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Mai mesa ɗaya iskar ɗakin take zuƙa ta huce injinta, ta tura waje. Iskar da ka biya kuɗin wuta ka sanyaya, wani kasonta ta taga yake fita, kuma madadinta sai ya shigo ta ƙasan ƙofa da duk wata kafa, da zafinsa. Mai mesa biyu daga waje take jawo iskar huce inji ta mesa ɗaya, ta mayar ta ɗayar, ba ta taɓa ta ɗaki. Ta fi tsada, ta fi aiki.

Wajen girma ba sai an kai ruwa rana ba. Kowane wat ɗaya yana ba da zafin BTU 3.4 a awa (BTU shi ne ma'aunin zafi da ake auna ƙarfin iyakwandishan da shi), don haka fitilata mai wat 400 tana zuba wajen BTU 1,365. Ƙaramar mai mesa, mai BTU 9,000, irin wadda a gida muke cewa mai ƙarfin doki ɗaya, ta yi wa cikin tanti yawa: za ta riƙa kamawa tana ɗaukewa, sanyinta na dukan ganye kai tsaye. Abin da na koma yi shi ne in bar ta a ɗaki, ta sanyaya ɗakin, tanti ya sha daga nan. Wannan ɗakin nake kira ɗakin shaƙa.

Kada kuma a haɗa ta da mai ruwan nan da ake zuba wa ƙanƙara, wadda ta cika kasuwanninmu da bazara. Waccan jikar randa ce. Ruwa ne ke tashi ya tafi da zafi, hikimar da Malam Mohammed Bah Abba ya ɗora tukunya-cikin-tukunyarsa a kai a Jigawa, har ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000. A busasshiyar iskar Maris tana aiki sosai. A cikin tanti kuwa masifa ce, don kusan duk ruwan da ka ba shuka ta ganye yake fitowa ya shiga iska; ka ƙara wani danshin, sai fumfuna. Ita mu ce mata fanka mai ruwa, mu huta. Mai mesa akasin haka take yi, tatse danshi take yi daga iska, shi ya sa take tara ruwa a cikinta.

Saura iska. Ko da sanyi ya daidaita, shuka a rufaffen wuri tana cinye iskar kabon da take gina jikinta da ita, sai girma ya tsaya. Dole a riƙa fitar da tsohuwa ana shigo da sabuwa. "Shigar iska" da muke faɗa rabin labari ne, domin a tanti fitarwar ce aiki: fanka a sama tana zuƙe mai zafi, sabuwa ta shigo da kanta ta kafofin ƙasa. Tantina bai kai kubik mita 3 ba, kuma masu sana'ar suna son a sabunta iskar ciki duk minti ɗaya zuwa uku. Na kira wannan sauyin iska. Fankar da ke cikin mesa, fankar zuƙa. 'Yar ƙaramar da ake maƙalawa a sanda tana juya kai, fankar kaɗawa, don ba ta fitar da komai, kaɗa ganye kawai take yi. Gwangwanin da ke tace wari, mataci mai gawayi.

Ƙari, bayan na karanta sharhinku.

Malam, na ga gyaranka cewa "matatar gawayi" ta fi sauƙi a baki. Allah ya ƙara sani, amma ka duba matatar mai: abin da ake tacewa ne ke bin matata. A nan ba gawayi ake tacewa ba, da shi ake tacewa. A bar mini mataci mai gawayi.

Yaya, ke kuma kin ce kwashe-zafi ba za ta kama ba tunda kowa AC yake cewa. Mai yiwuwa kin yi gaskiya, kuma ba zan yi faɗa a kai ba. "Mai mesa" ɗin nan nake roƙo kada a yar. A ce AC mai mesa, ya ishe ni.

Baba da ya kawo zuga-zugi a madadin fankar zuƙa, na ji daɗin wannan ƙwarai, har na yi ta maimaita ta. Sai dai zuga-zugin maƙera hura iska yake yi cikin wuta, tamu kuwa jawowa take yi. In mutum ya sa fanka ta biyu a ƙasa tana tura iska ciki, wannan kam zuga-zugi ce, na karɓa da hannu biyu.

Ɗaya ce ta gagare ni. Idan fankar zuƙa ta fi shigar iska ƙarfi kaɗan, bangon tanti yakan lotsa ciki, kamar kumatun mai tsotsar tsamiya. Haka ake so, alama ce cewa duk iskar ta mataci take fita, ba ta bakin zif ba. In kuma ya lotsa har yana matse ganye, to kafofin ƙasa sun yi kaɗan, ko mai mesa ɗaya tana ja-in-ja da fankar a kan iskar ɗaki. Na gwada "tsukewa", na gwada "zuƙewar bango", babu wadda ta kwanta mini. Wani ya kawo "ramar tanti", amma ni rama nake shirin shukawa a ciki wata mai zuwa. Masu ɗinkin tanti, masu jima, masu salka, me kuke cewa idan fata ko yadi ya shige ciki saboda iskar da ke bayansa ta ragu? Ranar Juma'a zan sake kiran Hajiya, ina so in je mata da sunayen a cike.