Shekarun NNPC, mai wallafa littattafai ta Zariya: daga 1966 za a ƙirga ko daga 1929?

Mai Shagon Littafi: Jama'a, ni dai ina kan bakata: NNPC ta Zariya, wato Northern Nigerian Publishing Company, ita ce Hukumar Fassara ta 1929, suna kawai aka riƙa sauya mata. Saboda haka shekarunta sun haura 90. Ku ɗauki Ruwan Bagaja a kasuwa yau, tambarin wa ke jikin bango?

Malamar Hausa: Alhaji, tambarin bango ba ya shaidar haihuwa. Hukumar Fassara ta zama Hukumar Talifi a 1933 a hannun Baturen ilimi Rupert East, ita ta shirya gasar da ta fito da littafin da ka ambata a 1934. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya. NORLA, hukumar adabi ta gwamnatin Jihar Arewa, ta zo a shekarun 1950, aka rufe ta a 1959. Sai 1966 aka kafa NNPC, da haɗin gwiwar Gaskiya da Macmillan, kamfanin wallafa na Ingila. Gado ta ci, kuma magaji daban, mamaci daban.

Mai Shagon Littafi: To ai gari ɗaya ne, Hajiya, littattafan ma su ne dai.

Baba Mai Ɗab'i: Kun haɗa abu biyu. Akwai mai wallafa, akwai maɗaba'a. Mai wallafa shi ke karɓar rubutu, ya tace, ya sa kuɗi, ya riƙe haƙƙin mallaka, ya biya marubuci. Maɗaba'a tawada take ɗorawa a kan takarda. A wancan zamanin Gaskiya tana da injina, tana buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fita tun 1939, tana kuma buga wa wasu. Don haka kana iya ganin sunaye biyu a littafi guda, kowanne da aikinsa. Yawancin gardamar nan daga rashin duba bayan shafin farko, inda ake rubuta sunayen da shekarar bugu, take tasowa.

Ɗalibin Samaru: Baba, yaya mutum zai gane shekarun kwafin da ke hannunsa idan an yage wannan shafin?

Baba Mai Ɗab'i: Fara da farashi, ɗana. In ka ga sule da sisi, kafin Janairun 1973 ne, don a lokacin naira ta shigo. Sannan nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, a bayan bango. Babu ita kafin wajen 1970. Mai lamba 10 ta girmi mai 13, wadda ta zama doka a 2007. Nan ne mutane ke ruɗewa: lambar Najeriya a tsarin ISBN 978 ce, kuma masu 13 ma galibi da 978 suke farawa, shi ya sa za ka ga 978-978 a jere. Ba kuskuren ɗab'i ba ne. Daga nan ka ƙura wa ƙ, ɗ da ɓ ido. Idan an ɗauki hoton tsohon shafi aka sake yin farantin ɗab'i da shi, haruffa sukan yi kauri, lanƙwasar ta cushe har ƙ ta koma kamar k. Kowane sabon ɗauka yana ƙara dusashe zanen ciki. Ɗinkin waya mai tsatsa ba hujja ba ce, damina biyu a shago mai yoyo ta isa ta jawo shi.

Malamar Hausa: Kuma wannan cushewar ita ke tona asirin masu satar fasaha, Baba, tunda daga kwafin kasuwa suke ɗauka. Ƙari a kan haka, ana buga shafi 16 ko 32 ne a babbar takarda guda kafin a naɗe, shi ya sa idan kwafin jabu ya ɓace shafi, ba ɗaya yake ɓacewa ba, sha shida ne a jere, ko kuma su maimaitu.

Mai Shagon Littafi: Na yarda da wannan. Amma in gado kawai ta ci, me ta haifa da kanta?

Malamar Hausa: Ta haifa mana. Gasar da ta shirya ce ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980. Wannan nata ne tun daga tushe, babu hukumar da ta riga ta taɓa shi.

Ɗalibin Samaru: Ni ina ganin Alhaji yana da rabin gaskiya. Masu rubuta tarihin kamfanonin Ingila ma daga ranar kafa kakan farko suke ƙirgawa. Macmillan daga 1843 take lissafi, alhali tun 1990 da wani abu ta koma hannun kamfanin Holtzbrinck na Jamus.

Baba Mai Ɗab'i: Can sunan bai katse ba, masu hannun jari ne suka sauya. Nan kuwa hukumar gwamnati aka rufe a 1959, shekara bakwai ta wuce kafin a yi rajistar kamfanin kasuwanci da sabon abokin tarayya. A manazarta ka rubuta abin da kwafinka ya ce, ka sa shekarar bugun farko a gefe.

Mai Shagon Littafi: To wa ya riƙe littattafan a shekara bakwai ɗin nan, in ba Gaskiya ba? Kuma Gaskiyar ce ta shiga cikin NNPC. Igiyar ba ta tsinke ba ke nan, Baba.