Kilomita 400 a jirgi, amma tikiti ya ce awa ɗaya da kwata

Maman Yusra: Assalamu alaikum jama'a. Filayen jirgi ne guda biyu, tsakaninsu bai wuce kilomita 400 ba, amma tikiti ya nuna awa ɗaya da kwata. Na ji ana cewa jirgi na gudun kilomita 800 a awa, ai rabin awa kenan. Ina sauran lokacin ya tafi? Akwai taron da ba na son in makara.

Injiniya: Wa'alaikumus salam Hajiya. Lokacin da ke kan tikiti yana farawa ne daga sanda jirgi ya motsa daga inda yake a fake, har ya tsaya cak a can. Tafiyar da yake yi a ƙasa zuwa titin tashi, da jiran izini daga hasumiyar masu kula da tashi da saukar jirage, duk suna ciki, kuma kamfanoni kan ƙara ɗan rara. Shi kuma gudun 800 ɗin sai jirgi ya kai can ƙololuwa. A ƙasashe da yawa, ƙasa da ƙafa 10,000 ba a yarda ya wuce kusan kilomita 460 a awa ba. A gajeriyar tafiya irin taki, da ya gama hawa sai ya fara shirin sauka. Ki sa ran kamar minti 45 a sama.

Baban Khalifa: Ta duba irin jirgin ma. ATR 72 mai farfela gudunsa wajen 500 ne, Q400, shi ma mai farfela, kan wuce 600, Boeing 737 kuma sama da 800.

Injiniya: Haka ne Alhaji, amma a kilomita 400 tazararsu da wuya ta wuce kwata. Ni ba zan bar mai farfela na safe don in jira 737 na yamma ba.

Anti Rabi: Ni dai shawarata ki sa lambar jirgin a Flightradar24, shafin intanet mai bibiyar jirage, zai nuna miki ƙarfe nawa ya tashi da ƙarfe nawa ya sauka a kwanakin baya. Wannan ya fi alƙawarin tikiti gaskiya. Kuma ki ɗauki na farko da sassafe, don jirgin da ya makara da safe haka zai yi ta jan makarar har dare.

Baban Khalifa: In nisan kike son tabbatarwa, shafin intanet na Great Circle Mapper ya isa, ki rubuta haruffa ukun nan da ke wakiltar sunan kowane fili a kan tikiti. Ki dai lura ko a mil ɗin teku ya ba ki, shi ɗaya kilomita 1.852 ne.

Anti Rabi: Wai ma kai tsaye ne? Ƙananan filaye sau da yawa sai an bi ta babban fili a sauya jirgi. In haka ne, da zuwa filin da wuri da jiran kaya, mota na iya riga ki isa.

Maman Yusra: Kai tsaye ne, na ƙarfe bakwai na safe, ATR. Shi zan yanka. Na gode, Allah ya bar zumunci.