Musayar Baitoci: Ɗaya ga Oktoba, Don 'Yan Aji Biyar

Malama Uwar Aji:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar 1 ga Oktoba ɗalibaina za su tsaya gaban iyaye bayan fareti. Da na tambaye su me ya faru a wannan rana, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ranar da ba a zuwa makaranta." Maganar ta tsaya mini a rai. Ku taimaka da baitoci masu sauƙin hadda, kowane ya ɗauko abin da ya faru a ranar ko wanda aka haifa a cikinta. Ƙwar biyu, wato ɗango (layi) biyu a kowane baiti, amsa-amo "ra" a ƙarshensa. Don Allah ban da ƙarin gishiri, abin da yaro ya haddace da shi zai girma. Nawa na 1960 ne:

Da sunan Allah nake farawa,
Ku matso kusa, ku zauna yara.

Ɗaya ga Oktoba a birnin Ikko,
Muka karɓi ƙasa a hannun Nasara.

Tsakar dare tutarsu ta sauka,
Kore da fari aka ja, aka ɗora.

Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta,
Shi ne Firayim Minista, ku lura.

Ɗan Kurmi:
Sannu da ƙoƙari Malama. Kano ta amsa.

A 1963 muka zam jamhuriya,
Ba sauran Sarauniyar da za mu jira.

Azikiwe ya hau kujerar shugaba,
Sabon kundin mulki aka tsara.

A 1979 soja suka koma bariki,
Shehu Shagari mulki ya fara.

Mai Aruli:
Ɗan Kurmi, ka ɓoye tsawon ɗangonka a cikin lamba. Faɗe ta da baki ka ji: alif da ɗari tara da sittin da uku. Gaɓa 13, ba a ma iso "jamhuriya" ba.

Bakano ya iya awon atamfa,
Awon baiti kuwa sai ya jira.

Ɗangonka jirgin ƙasa ne na kaya,
Yaro ba ya ja, sai dai ya tura.

Ɗan Kurmi:
Bazazzagi ga ka da sandar awo,
Kana bakin gona kana ta gyara.

Kama garma mu ga kunyarka,
In ta miƙe, da yabonka zan fara.

Mai Aruli:
Ga kunya nan, duba ko ta karkace. Shekara a ƙasan baiti ake ajiye ta.

Ku dubi gabas, ƙasar Sin mai nisa,
Mao ya tsaya a Beijin ya yi kira.

Sabuwar jamhuriya ya ce an kafa,
Jama'a suka tsaya suka saurara.

Japan ta saki jirgi mai gudun harsashi,
Daga Tokyo har Osaka ya zura.

Na Sin 1949, na Japan 1964, jirgin ƙasa ne mai cin kilomita 210 a awa guda a lokacin.

'Yar Tudun Wada:
Allah ya ƙara basira Malam! Zazzau gidan ilimi. Masu ƙirga kuɗi su koma rumfa.

Na Dala:
Hajiya, ke ko tari ya yi sai kin ce ya hau karin waƙa. "Jirgi mai gudun harsashi" fa? Wannan ɗangon ya fi na Ɗan Kurmi teɓa.

Ɗan Damagaram:
Ku yi ta faɗa, mu mun riga ku,
Uku ga Agusta Nijar ta fara.

Diori Hamani ya karɓi tuta,
Muna dashen itace mu tare Sahara.

Ƙane ya gaida wansa da safe,
Kwana 59 muka ba ku, ku ƙirga ku tara.

Malama Uwar Aji:
Yaya na Damagaram mun gaishe ku, amma Agusta ta jira layinta. Ranar haihuwa fa? Har yanzu ba wanda ya kawo ko ɗaya.

Baba Mai Ritaya:
'Yata, ga nawa. Jimmy Carter, an haife shi 1 ga Oktoba 1924. Manomin gyaɗa ne, ya shugabanci Amurka, ya zo Najeriya a 1978, ya rasu a 2024 yana da shekara 100. Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, alhamdu lillahi. Ni na ga mahaifiyata zaune a tabarma, ƙafa a kumbure, ana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan kullum don kada ta tsinke a ciki. Sati da sati haka, ciyawa na can tana cin gona. Cibiyar Carter da Janar Gowon suka sa aka bi ƙauyuka ana raba ƙyallen tace ruwa. A 2013 aka tabbatar cutar ta ƙare a Najeriya.

Manomin gyaɗa can a Amurka,
Carter, yau aka haife shi yara.

Ya bar mulki bai zauna hutu ba,
Kurkunu ya bi ƙauye-ƙauye yana kora.

Ku tace ruwan tafki kafin ku sha,
Na ga ƙafar Inna, shi ya sa nake kira.

Mai Aruli:
Baba a gafarce ni, ɗango na huɗu ya ɗingisa. A cire "ƙauye-ƙauye".

Na Dala:
Haba Malam! Dattijo na zancen ƙafar mahaifiyarsa, kai kana ƙirga gaɓa?

Mai Aruli:
Girman zancen ne ya sa nake ƙirgawa. Baitin da ya karye ba ya zama a bakin yaro, sati guda ya zube. Kari shi ne igiyar da ke ɗaure hadda.

'Yar Tudun Wada:
Faɗa musu Malam!

Na Dala:
To ya fara ɗaure jirginsa na Japan.

Baba Mai Ritaya:
Na ji ɗana, na gode. Amma ƙauye-ƙauyen aka bi, ba zan cire ba.

Autan Zaure:
Manya na gaishe ku, ku ba ni wuri,
Ɗan ƙwallo na kawo wa yara.

George Weah mutumin Laberiya,
In ya ga raga sai ya zura.

Daga fili har fadar shugaban ƙasa,
Duk inda ya je ya yi nasara.

An haife shi 1966, ya ci Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallo, a 1995, aka rantsar da shi a 2018.

Malama Uwar Aji:
Auta, "duk inda ya je" ƙari ne. Ya faɗi zaɓe a 2005, ya sake faɗi a 2023 ya miƙa mulki. Gyara mini kafin in ba su.

Bazamfara:
Sai yau na samu caji. Kun yi kwana biyu kuna amsa-amo da "ra" ba wanda ya tuna da mu?

Ranar nan Abacha ya yanka jihohi,
Shida ne cif, ciki har Zamfara.

Gombe, Nasarawa, Ekiti, Ebonyi,
Da Bayelsa, lissafi ya cika yara.

A 1996 ke nan. Daga Sakkwato aka cire mu, Gusau ta zama babban birni.

Malama Uwar Aji:
Na gwada su yau, yara na buga tebur da tafin hannu. Yarinyar nan ta zaɓi baitin Baba, ta ce kakarta ma na da tabon a idon sawu. Wajen "ƙauye-ƙauye" takan ja numfashi ta wuce. Na Shagari ne ya gagara, ajin duka ke watsewa a kansa. Ɗan Kurmi, ina jira kafin Alhamis.

Ɗan Kurmi:
Soja suka juya suka nufi bariki,
Shehu Shagari mulki ya fara.

Shekarar na sa ta a ƙasa: 1979. Bazazzagi, zo ka auna.

Mai Aruli:
Na auna. Cire "suka" guda.