Rantire (komawa lekol) ta matso, maigida yana Diffa: ta ina zan fara?

Maman Abba:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shekara 4 muka yi a Wallam, cikin watan Yuli aka maido maigidana, wanda soja ne, Maradi. Ko kaya ban gama kwancewa ba aka kwashe su zuwa Diffa, ya bar ni gidan haya a unguwar Zariya da yara uku. Abba zai shiga CM2 (ajin ƙarshe na firamare), Nana CE1 (aji uku), autan bai isa lekol ba. Kullum shi ke zuwa wajen direkta, ni nawa wanki da abin kari. Ga Oktoba ta ƙarato, ban san ƙofar lekol ko ɗaya ba a garin nan. Waɗanne takardu ake nema? Abin da ya fi ci mini rai kuwa, Abba ya kafe wai ba inda za shi sai babansa ya dawo ya kai shi da kansa. Yaron da ke zuwa na uku a aji!

Mushe Ilu (malamin lekol):
Wa alaikumus salam, Madam. Takardar haihuwar kowane yaro, takardar shaidar karatu daga tsohuwar lekol, da sakamakon bara. In ba ku karɓo ba, kira direktan can ya ba direban mota. Kada ki jira ranar rantire, direktoci na riga yara komawa, kuma ajin da ya cika ba a jin roƙo. Ki duba sunan Abba harafi-harafi a takardun nan. Shekarar jarrabawa ce, na sha ganin yaron da aka rubuta sunansa iri biyu, uwa ta yi ta zirga-zirga. Ga Nana, tambayi ko ajinsu na gini ne, don na zana sai an yi girbi an sami kara. Ki riƙa sauraren rediyo kuma: a 2024 ambaliya ta sa an ɗage komawa har 28 ga Oktoba.

Hajiya ta Bagalam:
Ɗiyata, sannu. Shekara 22 na yi ina bin Alhaji, Agadas, Ingigmi, Tawa, ba inda ban kafa murhu ba. Takardu mushe ya gama magana, sai dai in ƙara: ki sa su cikin leda ki riƙe a jakar hannunki, kada su sake shiga akwati.

Batun Abba nake so mu yi. Ba lekol yake ƙi ba. An raba shi da abokansa, an raba shi da uba, duka cikin damina ɗaya. Ni kuskuren da na yi da babban ɗana, na ce masa babanka na zuwa ran Juma'a, don kawai ya yi shiru. Juma'a ta zo ta wuce. Wata uku yaron nan ko ruwa na ce masa da sanyi sai ya taɓa. Soja ba shi da ranar kansa, kada ki yanka wa yaro rana. Duk sa'ad da rezo ta samu, ki sa baban ya ɗauki murya, ya ambaci sunan Abba da sunan sabuwar lekol, ya ce shi ya zaɓa masa ita. Ki adana, ki kunna masa da safen rantire. Kafin nan ku taka da ƙafa ku uku, sau biyu ko uku, ya san hanya, ya ga mai gadi.

Sannan wayar nan. Labarin hari da ake turowa a WhatsApp, rabi ƙarya, kada ki buɗe gabansu. Yaro yana wasa amma kunnensa na kanki. Ki raɗa wa malaminsa halin da ake ciki, shi kaɗai. Su kuma yaran ki hana su faɗin inda babansu yake a waje.

Kayan lekol kuwa, sayi kaye biyu da bik ki dakata sai an ba da jeri. Na taɓa zubar da jikka 15 a Babbar Kasuwa, rabin kayan ba a nema ba.

Tsohon Sarjan:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Roƙona ɗaya, a daina ce wa yaro “kai ne maigida yanzu”. Ni na faɗa wa nawa da zan tafi, yana shekara 11, ashe dare yake raba yana gadin ƙofa, da safe ya yi barci a aji. In Abba na da ƙoƙari kamar yadda kika ce, akwai makarantar soja ta Prytanée a Yamai, ana shiga da jarrabawa bayan CM2. Amma ki bari uban ya dawo ku yi shawara.

Maman Abba:
Allah ya saka da alheri. Baba Sarjan, wallahi kalmar nan babansa ya faɗa masa a bakin mota, ni ma ina ta maimaitawa. Jiya da dare rezo ta kama, ya turo muryar. Abba ya saurara sau huɗu, bai ce zai je ba, amma ya tambaye ni ko lekol ɗin na da filin ƙwallo. Mushe, takardar Nana ce ban gani ba, gobe zan kira Wallam.