Ina rubuta kundin digiri a kan Wicca: in biya fam 280 na kwas ɗin nan ko in haƙura?

Ummi a Ingila:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina digiri na biyu a fannin nazarin addinai a nan Ingila, kuma kundina a kan Wicca ne, wani addinin Turawa da ake dangantawa da maita. Tun kafin a fara yi mini wa'azi, ni musulma ce, ina sallata, ba shiga zan yi ba. Bincike ne, kamar yadda wani zai yi rubutu a kan addinin Hindu ko na Buda. Damuwata ita ce abin da nake samu a intanet yana karo da juna. Wannan ya ce addini ne mai shekara dubu biyar, wancan ya ce wani dattijo ne ya haɗa shi jiya-jiya. Malamina kuma ya ce karatun laburare kaɗai ba zai wadatar ba, yana so in ji daga bakin masu yin abin. Ana cikin haka na ci karo da wata mata da ke kiran kanta babbar shugabar wata ƙungiyarsu. Ta ce in biya fam 280 ta koyar da ni mako takwas ta bidiyo, a ƙarshe ta ba ni takardar shaidar mataki na farko. Ranar Juma'a za ta rufe rajista. Kuɗin da ke hannuna na hayar ɗaki ne na watan gobe. Wanda ya taɓa zama da mutanen nan, ko ya taɓa biyan irin wannan kwas, don Allah ya faɗa mini abin da ya gani.

Abu Safwan:
A'uzu billahi. Ƙanwata, duk ilimin da ke duniya ba ki ga na ɗauka ba sai na mayu? Sihiri yana cikin zunubai bakwai masu halakarwa. Ki je ki canza take tun da sauran lokaci.

Ummi a Ingila:
Malam, na gode, amma na yi bayani a sama. Ba koyon sihiri na zo yi ba.

Maman Khalil:
Ummi, ni na zauna da ɗaya daga cikinsu. Shekara biyu muna aiki tare a gidan kula da tsofaffi, baturiya ce mai kimanin shekara hamsin. Na daɗe ina ganin wata 'yar sarƙar azurfa a wuyanta, tauraro mai tsini biyar cikin da'ira, na ɗauka ado ne kawai. Sai ranar da ta roƙe ni in karɓar mata aikin daren 31 ga Oktoba, ta ce bikinsu ne na tuna magabata. Na karɓa, ita kuma ta riƙe mini ranar Babbar Sallah. Daga nan muka fara hira a ɗakin shan shayi.

Abin da na fara gyarawa a kaina shi ne kalmar maita. Turancin da suke kiran kansu da shi, wato witch, mu muke fassarawa da maye, amma ba abu ɗaya ba ne. Da na ba ta labarin mayenmu, mai kama kurwar yaro ya yi ta ramewa, sai ta ajiye kofinta ta yi shiru, ta ce Allah ya kiyaye, a wajensu babbar ƙa'ida ita ce kada ka cutar da kowa. Shaiɗan ma ta ce ba ya cikin addininsu sam. Suna bauta wa allahiya mace da abin bauta namiji, suna bin wata da juyawar shekara, bukukuwa takwas. A wajena shirka ce kai tsaye, na kuma faɗa mata, ba mu yi faɗa ba.

Kan batun kuɗi: ta ce mini a layinsu, wato reshen Wicca da take bi, ba a sayar da shiga. Sai mutum ya shekara da kwana ɗaya yana zuwa ana ganin halinsa kafin a yi maganar matakin farko, kuma ido da ido ake yi. Takardar shaida bayan mako takwas ta waya, wannan ban taɓa ji daga bakinta ba.

Ɗan Damagaram:
Tarihi na karanta, bari in taimaka da abin da na sani. Mutumin da ya fito da Wicca fili Gerald Gardner ne, tsohon ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka a Malaya. An soke dokar hana maita ta Ingila a 1951, shi kuma ya buga littafinsa Witchcraft Today a 1954. Ya ce wata tsohuwar ƙungiya ce ta shigar da shi a yankin New Forest a 1939, wai ragowar addinin Turai ne na kafin Kiristanci. Wannan tunani daga wata marubuciya baturiya, Margaret Murray, ya samo shi, wadda ta rubuta shi a 1921, kuma masana tarihi sun daɗe da rushe hujjojinta. Doreen Valiente, wadda ta shiga a 1953, ita ta sake rubuta da yawa daga cikin kalmomin ibadarsu. Ki nemi littafin Ronald Hutton na Jami'ar Bristol, The Triumph of the Moon, na 1999, shi ya bi diddigin abin dalla-dalla.

Ga gwaji mai sauƙi. Ki tambayi matar nan mutum nawa aka kashe a farautar mayu ta Turai. In ta ce miliyan tara, ki riƙe kuɗinki. Ƙiyasin masana tsakanin dubu 40 ne zuwa dubu 60, kuma waɗanda aka kashe ɗin galibi Kiristoci ne da aka yi wa ƙazafi, ba 'yan Wicca ba.

Baban Gida 77:
Ni dai ki tambaye ta ko tsintsiyar tashi tana cikin fam 280 ɗin. In tana ciki ki biya, ki zo ki ɗauke ni zuwa Kano, kuɗin jirgi ya fi ƙarfina bana.

Hajiya Talatu:
Ku yi ta dariya. Ni wannan suna Wicca in na gan shi gabana faɗuwa yake yi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yayata, amma yau zan faɗa don kada wata ta faɗa ramin da na faɗa.

Shekara uku da suka wuce maigidana ya sake ni bayan shekara goma sha ɗaya da aure. Ba na barci, dare ya yi sai waya. A ƙarƙashin wani rubutu na ga wata ta yi sharhi, wai wani babban malamin Wicca a Amurka ya dawo mata da mijinta cikin kwana biyu, ga lambarsa. Na san haramun ne, wallahi na sani, amma zuciya ta rinjaye ni. Hotonsa wani bature ne mai furfura da kyandirori kewaye da shi. Ya ce naira dubu 35 na kayan aiki. Na tura. Bayan kwana uku ya ce kishiya ta riga ni, an ɗaure aikin, sai an warware da dubu 80. Na tura. Sai ya ce allahiyar wata ta yi fushi, in ban kammala ba abin zai juyo kan ɗana. Ranar na ɗauki 'yan kunnen gwal da mahaifiyata ta bar mini na kai kasuwa. Ina tsaye mai gwal yana ɗora su a kan ɗan sikelinsa, hannuna yana rawa, ya ɗago ya ce, Hajiya lafiya dai ko? Na ce lafiya lau.

Abin da ya farkar da ni, asusun da ya ba ni na ƙarshe sunan ɗan ƙasarmu ne, bankin ma na gida. Na kira lambar da tsakar rana ba zato, sai na ji ƙarar janareta da muryar yaro matashi. Da na ce ya dawo mini da kuɗina, ya ce zai tura wa dangin mijina duk saƙonnin da na rubuta masa. Dubu 265 suka tafi. Kuɗin ba su dame ni kamar 'yan kunnen ba, da kuma watannin da na yi ina jin kunyar ɗaga hannu in roƙi Allah.

Maman Khalil:
Innalillahi. Hajiya, Allah ya mayar miki da mafificin alheri. Ƙofar tuba a buɗe take.

Abu Safwan:
Kun gani ko? Ga ƙarshen abin nan. Allah ya yafe miki Hajiya.

Ɗan Damagaram:
Allah ya huci zuciyarki Hajiya. Amma Malam Abu Safwan, wanda ya cuce ta ɗan damfara ne, bai san komai a kan Wicca ba. Gobe zai koma shehi mai aljanu, jibi fasto.

Hajiya Talatu:
Ɗana, ko na gaske ne ko na ƙarya, ni sunan da aka yanka ni da shi ke nan. Ummi, wadda ta ce miki rajista za ta rufe Juma'a, irin maganar da ya riƙa yi mini ce: yau ko gobe, in kin wuce kin rasa.

Sadiya Manchesta:
Ba kowane mai karɓar kuɗi ne ɓarawo ba fa. Ni na biya fam 45 na darasin yini ɗaya a wani shagon littattafai lokacin da nake kwas ɗin nazarin al'umma, kuma na ƙaru. Matar ta faɗa tun farko cewa bayani ne kawai, ba shigarwa ba. Wata 'yar ajinmu kuma ta biya 120 a intanet, abin da aka turo mata shafuka ne da aka kwafo daga littafin da ke laburare. Littafin Hutton ɗin fam 11 na sayi na hannu.

Baban Gida 77:
Fam 11 a ina? Ƙanena ya nema bara aka ce masa 30.

Malama Rabi:
Nan Kano da na sa a kawo mini wani littafi makamancinsa, da kuɗin aikowa sai da ya tasar wa naira dubu 50. Ummi, kina zaune kusa da laburare kyauta kina neman ba wa wata kuɗin haya?

Sadiya Manchesta:
Wani abu kuma, kin samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku? In ba ki samu ba, duk abin da matar ta faɗa miki ba zai shiga kundin ba. Ki rubuta wa Pagan Federation, ƙungiyar masu bin irin waɗannan addinai, tun 1971 suke, suna da tarukan da kowa ke iya zuwa. Sai dai yawanci a mashaya ake yi, ni lemo na saya na zauna kusa da ƙofa. Akwai kuma gidan tarihin maita a Boscastle can Cornwall, amma ki duba kafin ki tafi, suna rufewa lokacin sanyi. A ƙidayar 2021 mutum kusan dubu 13 ne suka rubuta Wicca a Ingila da Wales, ba su da yawa, shi ya sa na bogi suka fi na gaske surutu.

Abu Safwan:
Yanzu har mashaya ake tura ta. Wannan magana ta malamai ce, ba ta 'yan boko ba.

Maman Khalil:
Malam, hukuncin shiga kowa ya san shi, ba wanda ya yi musu. Ita tambayar kuɗi ta yi. Shi ma Ɗan Damagaram littafi ya karanta, bai taɓa shan shayi da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ɗan Damagaram:
Anti, ke ma mutum ɗaya kika sani, daga layi ɗaya. Akwai mabiya Alex Sanders, wanda ya kafa nasa layin, akwai dubbai da ke yi su kaɗai a gida daga littafi tun shekarun 1980, ba wanda ya shigar da su. In Ummi ta rubuta cewa na gaske sai mai ƙungiya, malaminta zai ja mata jan biro.

Malama Rabi:
Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. 'Yarmu ta tafi Ingila tana nazarin borin Turawa, namu kuma yana nan ba mai rubutawa. Da nake digirin farko na kai take a kan girka da waƙoƙin Sarkin Rafi da Ɗan Galadima, malamin ya tura mini takardar ta kan tebur ya ce ba zai sa hannu a kan kafirci ba. Tsohuwar da na so in yi hira da ita, mai garaya a gidanta, ta rasu bayan shekara biyu. Yau in kana son karanta bori sai ka koma wa littattafan Turawa irin na Tremearne na 1914.

Ɗan Damagaram:
Wallahi Malama kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. A Maradi har yanzu akwai masu yi, amma jikokinsu kunyar faɗa suke.

Abu Safwan:
Kunyar ita ce daidai. Jihadin Shehu bai zo don a adana wannan ba.

Ummi a Ingila:
Jama'a, jibi ne fa Juma'ar. Na tura wa matar tambayar Ɗan Damagaram, na kuma tambaye ta wa ya shigar da ita. Ta amsa cewa sirri ne, amma za ta rage mini zuwa 220 in na biya yau. Anti Sadiya, izinin kwamitin mako nawa ya ɗauke ki?

Malama Rabi:
Malam Abu Safwan, rubuta abu ba bauta masa ba ne. Su malaman jihadin ai sai da suka bayyana al'adun da suke yaƙa a littattafansu, da ba su rubuta ba da ina ka san su? Ɗan Damagaram, in kana da wanda zai haɗa ni da masu garayar Maradi ka yi mini magana ta gefe, har yanzu takardun nan suna cikin akwatina.